Yadda Ake Koyon Wasan Rufa-Ido Ba Tare da Dogaro da Saurin Hannu Ba

Mafi yawan masu sha'awar koyon wasan rufa-ido suna farawa ne da zaton cewa sirrin sana'ar duka yana cikin saurin hannu, wato ɗan dabo yana motsa yatsunsa da hanzarin da ido ba zai iya kamawa ba. Wannan zato shi ne kaya na farko da ya kamata mai koyo ya sauke, domin ido ya fi hannu sauri nesa ba kusa ba, kuma duk motsin da aka yi da fizga jan hankali yake yi. Mai kallo ba lalle ne ya gane abin da aka yi ba, amma zai gane lokacin da aka yi shi, wannan kuwa ya isa ya kashe mamaki. René Lavand, ɗan ƙasar Ajantina wanda ya rasa hannunsa na dama a haɗarin mota tun yana yaro, ya yi suna a duniya da wasan karta da hannu ɗaya tak, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne yakan maimaita wasa yana ƙara rage sauri, yana gaya wa jama'a cewa ba zai yiwu a yi shi a hankali fiye da haka ba. Mutane suna zuba masa ido, hannun yana tafiya kamar hawainiya, amma ba su ganin komai. Wurin da ake yin aikin na gaskiya shi ne cikin kan mai kallo, a hankalinsa da abin da zai tuna daga baya.

Kafin a yi nisa, ya dace a fayyace abin da ake magana a kai, tun da kalmomin dabo da siddabaru da rufa-ido sukan cakuɗe da sihiri da tsafi a bakin mutane. Abin da ake nufi a nan shi ne wasan nishaɗi da aka gina a kan dabarar hannu, da lissafi, da kayan aiki, da sanin yadda hankalin ɗan Adam yake gudana. Babu aljani a ciki, babu surkulle, kuma duk wanda ya san hanyar zai iya kwaikwaya idan ya yi haƙurin koyo. Bambancin nan tsoho ne. A ƙarni na 13 wani marubuci daga yankin Dimashƙa mai suna al-Jaubari ya rubuta littafi sukutum yana tona dabarun 'yan damfara da masu da'awar abubuwan al'ajabi na ƙarya. A shekarar 1584 kuma Reginald Scot ya wallafa littafi a Ingila inda ya bayyana yadda ake wasa da ƙwallaye da kuɗi da wuƙaƙe, a zamanin da ake kashe mutane bisa zargin maita, domin ya nuna cewa da yawa daga abin da ake tsoro dabara ce kawai. Ɗan wasa mai mutunci yana sanar da jama'a tun farko cewa zai ruɗi idonsu, sannan ya cika alkawari, kuma da wannan sanarwa ce ya rabu da ɗan damfara ko da dabarar hannunsu iri ɗaya ce.

Kuskuren da ya fi kama sabon mai koyo a yau shi ne tara dabaru. Intanet ta cika da bidiyon da ke bayyana sirrin wasanni, sai mutum ya kalli ashirin a dare ɗaya, ya wayi gari ya san yadda ake yin ashirin alhali bai iya ko ɗaya ba. Masu sana'ar suna ba da labarin David Devant, shugaban farko na ƙungiyar masu wasan rufa-ido mai suna Magic Circle da aka kafa a Landan a 1905, cewa wani matashi ya yi masa alfaharin ya san wasanni kusan ɗari uku, ya kuma tambaye shi nawa ya sani, Devant ya ce shi takwas ya sani. Shawarata ita ce mai koyo ya zaɓi uku: ɗaya da ƙwandala, ɗaya da karta, ɗaya kuma da abin da zai ara a wurin mai kallo, kamar zobe. Ya guji sayen akwatuna masu ƙyalƙyali a farkon tafiya, domin duk kayan da ba a saba gani ba su ne suke ɗaukar yabon, mai kallo sai ya ce akwatin ne ya yi aikin, kuma yana da gaskiya. Wasan kofuna da ƙwallaye, wanda Seneca, masanin falsafa na tsohuwar daular Rum, ya ambata kusan shekara dubu biyu da suka wuce, har yau ana yin sa, kayansa kuwa kofi uku ne da 'yan ƙwallaye.

Ɓatar da ƙwandala

Ga dabara guda da kusan kowa yake farawa da ita, kuma a cikinta akwai darussan sana'ar gaba ɗaya. Ka riƙe ƙwandala a hannun hagu, tafin hannu yana kallon sama, babban yatsa a gefenta ɗaya, manuniya da yatsan tsakiya a ɗaya gefen, ta yadda akwai fili tsakaninta da tafin hannu. Hannun dama ya zo kamar zai ɗauke ta, babban yatsansa ya shiga ta ƙarƙashinta, sauran yatsun su rufe ta ta sama. A daidai lokacin da yatsun dama suka kare ta daga idon mai kallo, sai babban yatsan hagu ya sassauta kaɗan, ƙwandalar ta faɗa gindin yatsun hagu waɗanda suke a ɗan lanƙwashe. Hannun dama ya dunƙule kamar ya ɗauka, ya ɗaga sama ya yi gefe, idonka ya bi shi, kafaɗarka ma ta ɗan juya wajensa. Hannun hagu kuwa ya sauka a sake kamar hannun da ya gama aikinsa. Bayan ɗan jinkiri sai ka murza yatsun dama a hankali, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, a ga babu komai.

Bayanin bai wuce layi bakwai ba, ana kuma iya fahimtarsa cikin minti biyu, amma yin sa yadda zai ruɗi mutum mai hankali yana cin makonni. Hanyar koyon da na fi amincewa da ita tana farawa ne da barin dabarar gaba ɗaya. Ka tsaya gaban madubi ka ɗauki ƙwandalar da gaske, daga hagu zuwa dama, sau hamsin ko fiye, kana lura da abin da jikinka yake yi idan babu abin ɓoyewa: yadda yatsun dama suke matsewa a kan abu mai kauri, yadda babban yatsan hagu yake zama a buɗe na ɗan lokaci bayan an zare abin da yake riƙe da shi, inda idonka yake sauka, da saurin da hannu yake tafiya. Daga nan sai ka riƙa cakuɗawa, sau ɗaya ka ɗauka da gaske, sau ɗaya ka yi na ƙarya, har ya zama kai kanka idan ka kalli bidiyon da ka ɗauka da waya bayan kwana biyu ba za ka iya bambancewa ba. Dai Vernon, ɗan Kanada wanda masu sana'ar suke kira Farfesa, ya rayu daga 1894 zuwa 1992, kuma abin da ya fi nanata wa ɗalibansa a tsawon wannan rai shi ne kowane motsi ya kasance irin wanda mutum yake yi a ɗabi'ance.

Abin da yake tona asirin sabon ɗan wasa yawanci hannun da ke riƙe da abin ɓoye ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Hannun hagu sai ya sandare, yatsu su manne da juna kamar an ɗaure su, ko kuma ya yi sauri ya nufi aljihu, ko mai wasan ya saci kallonsa da gefen ido. Mai kallo bai ga ƙwandala ba, amma ya ga hannu mai laifi. Maganin wannan shi ne a ba hannun aiki na halal: ya ɗauki alƙalami daga tebur, ya gyara hannun riga, ko ya nuna ɗaya hannun da manuniya. Wannan ne ma ainihin amfanin sandar da ake ganin 'yan dabo suna riƙewa a hotuna, domin hannun da yake riƙe da sanda yana da dalilin zama a dunƙule, ba wanda zai tuhume shi.

Sarrafa hankalin mai kallo

Masu binciken halayyar ƙwaƙwalwa sun gwada abin da 'yan wasa suka daɗe da sani a aikace. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane bidiyon wasu matasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ta. Ana cikin haka wani sanye da rigar goggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu, amma kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam, domin hankalinsu yana kan ƙirga. Gustav Kuhn, wanda shi kansa ɗan wasa ne kafin ya zama mai bincike, ya wallafa wani gwaji a 2006 tare da Michael Land: mai wasa ya cilla ƙwallo sama sau biyu ya cafe, a na uku ya yi motsin cillawa amma ya riƙe ta a hannu, ya ɗaga kai yana bin ta da kallo. Kusan kashi biyu cikin uku na masu kallo sun ce sun ga ƙwallon ta tashi sama ta ɓace. Da mai wasan ya riƙa kallon hannunsa maimakon sama, sai adadin ya ragu sosai. Abin lura a nan shi ne mutanen sun ga abin da bai faru ba, saboda ƙwaƙwalwa tana cike gurbi da abin da ta saba gani.

Daga wannan mai koyo zai ciri ƙa'idojin aiki. Inda ka kalla nan jama'a za su kalla, saboda haka kada idonka ya taɓa sauka a wurin da kake aikin ɓoye. Idan kana son mutum ya ɗauke ido daga hannunka, ka kira shi ka yi masa tambaya, domin ladabi zai sa ya dubi fuskarka kafin ya amsa, kuma taura biyu ba ta taunuwa, ba zai iya neman amsa yana kuma gadin yatsunka ba. Babban motsi yana rufe ƙarami, saboda haka yatsa ya yi aikinsa a lokacin da hannu gaba ɗaya yake tafiya daga wuri zuwa wuri. Lokacin dariya kuma, ko lokacin da jama'a suka ɗauka wasa ya ƙare suka saki jiki, shi ne lokacin da ya fi kowane aminci, har ana iya yin abu a fili ba a gani ba. Ina ganin kuskure ne mutum ya ɗauki wannan a matsayin kawar da hankalin mutane, irin a nuna sama a ce ku dubi can. Wanda aka kawar wa da hankali yana sanin an kawar masa, zai kuma ce ai lokacin da na waiwaya ne ka yi. Abin da ake so shi ne a ba shi abin kallo mai daɗi a kowane lokaci, ya bi shi da son ransa, ya tashi yana rantsuwa cewa bai ɗauke ido ko sau ɗaya ba.

Akwai makamin da ya fi duk waɗannan ƙarfi, amma sababbin masu koyo ba su cika lura da shi ba, wato tazarar lokaci tsakanin aikin ɓoye da bayyanar abin mamaki. Idan ka yi kamar ka ɗauki ƙwandala ka buɗe hannu nan take, hankalin mai kallo zai koma baya taki ɗaya kawai ya isa ga amsa: tana ɗaya hannun. Idan kuwa ka sa wasu abubuwa a tsakani, ka yi magana, ka nemi ya hura wa hannun iska, ka ajiye alƙalamin da ka ɗauka a aljihu tare da ƙwandalar, to lokacin da zai waiwaya sawun ya riga ya goge. Arturo de Ascanio na Sifaniya ya yi dogon nazari a kan wannan tazara da ke sa mai kallo mantuwa, kuma tasirin tunaninsa yana bayyane a wasan Juan Tamariz da sauran 'yan wasan karta na ƙasar.

Misali da karta zai ƙara fito da batun. Kafin ka fara, ka saci kallon katin da yake can ƙasan tarin, ka riƙe shi a ka. Mai kallo ya zari kati ɗaya daga tsakiya, ya duba, ya ɗora shi a saman tarin, sannan ya yanka, wato ya ɗebi rabin sama ya ajiye, ya ɗora rabin ƙasa a kansa. Yanzu katin da ka sani yana zaune daidai a kan nasa, saboda haka idan kana buɗe katunan ɗaya bayan ɗaya daga sama, wanda ya biyo bayan naka shi ne nasa. Sirrin ke nan, yaro ma zai iya. Bambancin gwani da ɗan koyo yana cikin lokacin da aka saci kallon da kuma yadda aka bayyana katin. Gwani yana ba mai kallo kartar ya gauraya da hannunsa, ya ga katin ƙasa a lokacin da yake karɓa yana daidaita gefunan tarin, tun kafin ya ce za a yi wasa. Daga baya kuma ba ya cewa ga katinka. Yana iya baza katunan a buɗe, ya riƙe wuyan hannun mutumin yana wucewa da shi a kansu sannu a hankali, ya wuce katin, ya dakata, ya dawo baya. Kafin ya bayyana sai ya tuna masa cewa shi ya gauraya, shi ya zaɓa, shi ya yanka, kuma duk gaskiya ne. Abin da mutumin zai ba da labari gobe shi ne ɗan wasan bai ko taɓa kartar ba.

Wasan katuna 21 da ake koya wa yara ya cancanci a ambace shi, ko don a nuna iyakar lissafi. Ana raba katunan gida uku, bakwai-bakwai, ana ajiye su ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama. Mai kallo ya faɗi gidan da katinsa yake, a tattara a sa wannan gidan a tsakiyar sauran biyun. Idan aka yi haka sau uku, katin zai kasance na 11 ko da yaushe. Lissafin yana da kyau, amma a matsayin wasa ba na ba da shawararsa, domin rabawa sau uku tana gundura, kuma kowa yana jin ƙamshin lissafi ko da bai iya warware shi ba. Mutumin da ya ce akwai wani lissafi a ciki ya riga ya sami amsar da ta gamsar da shi, mamaki kuwa ba ya zama a zuciyar da ta gamsu.

Magana, da abin da bai kamata a yi da'awa ba

Jean-Eugène Robert-Houdin, mai gyaran agogo daga garin Blois na Faransa wanda ya buɗe gidan wasansa a Paris a 1845, shi ake ɗauka uban wasan rufa-ido na zamani. Ya hau dandali da tufafin da manyan mutanen zamaninsa suke sawa da yamma, ya kuma rubuta cewa ɗan dabo ɗan wasan kwaikwayo ne da yake taka rawar mai sihiri. Ma'anar wannan ga mai koyo ita ce ya rubuta abin da zai faɗa, kalma bayan kalma, ya kuma soke duk jimlar da ke bayyana abin da ido ya riga ya gani. Babu amfanin cewa yanzu zan ɗauki ƙwandala, ga shi na sa ta a hannu. Ya kuma guji kalmomin da ke shuka zato, kamar cewa wannan karta ce ta yau da kullum, domin ba wanda ya yi tunanin akwai wata iri sai da ya faɗa. Shiru ma yana da gurbinsa. Idan abin mamaki ya bayyana, mai wasa ya yi tsit na 'yan daƙiƙu ya bar jama'a su haɗiye abin da suka gani. Masu koyo da yawa tsoro yake sa su rufe wannan lokaci da surutu, su ɓata abin da suka sha wahalar ginawa.

Tarihin Robert-Houdin yana da wani shafi da nake ganin darasi ne ta hanyar saɓani. A 1856 gwamnatin Faransa ta tura shi Aljeriya domin ya yi wasa a gaban shugabannin ƙabilu, da nufin karya tasirin shehunan da ke zaburar da jama'a a kan mulkin mallaka. Daga cikin abin da ya nuna akwai ƙaramin akwati mai gindin ƙarfe wanda ƙaƙƙarfan mutum ya ɗaga cikin sauƙi, sannan ya kasa ɗagawa bayan an ce an zare masa ƙarfi. Maganaɗisun lantarki ne aka ɓoye a ƙarƙashin dandali. Dabarar ta burge, amma an yi amfani da ita ne don tsoratarwa, wannan kuwa ya fitar da ita daga nishaɗi. Harry Houdini, shahararren ɗan wasan rufa-ido na Amurka wanda ya ɗauko sunansa daga na Robert-Houdin, ya shafe shekarunsa na ƙarshe kafin mutuwarsa a 1926 yana tona asirin masu karɓar kuɗin mutane da sunan za su haɗa su da mamatansu. Iyakar a bayyane take: duk lokacin da mai kallo ya fara gaskata cewa kana da wani iko, har zai gina shawarar lafiyarsa ko kuɗinsa ko aurensa a kai, wajibi ne ka gaya masa cewa dabara ce, ko da ba ka bayyana yadda take ba. Wannan ya fi shafar masu wasan karanta zuciya, domin nasu ya fi kama da gaske.

Atisaye da tsayawa gaban mutane

Koyon motsi daban, atisayen wasa daban. Na farko ana yin sa a zaune, ana maimaita abu ɗaya har yatsu su haddace. Na biyu ana yin sa a tsaye, da tufafin da za a sa ranar wasa, da kayan a aljihun da za su kasance, ana magana da murya a sarari daga gaisuwa har zuwa ƙarshe, kuma idan an yi kuskure ba a tsayawa, sai a nemi mafita kamar mutane suna nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Madubi yana da amfani a farko, amma yana da illa biyu: yana nuna kusurwa ɗaya kawai, kuma mutane da yawa suna koyon ƙifta ido a daidai lokacin aikin ɓoye ba tare da sun sani ba, su ɓoye wa kansu kuskurensu. Kyamarar waya ba ta ƙiftawa, saboda haka a ajiye ta a gaba, a hagu, a dama, da kuma ƙasa. Batun ƙasa na koye shi ne da kunya. Na taɓa ɓatar da ƙwandala a gaban manya biyar da suka yi shiru don mamaki, sai wani yaro da ke zaune a ƙasa kusa da ƙafata ya nuna hannuna na hagu ya ce ga ta nan. Watanni na yi ina duba kaina daga tsayin idon babba, ban taɓa tunanin mai kallo daga ƙasa ba.

Tsofaffin ƙa'idoji biyu suna nan daram: kada ka faɗi abin da zai faru kafin ya faru, kuma kada ka maimaita wasa ga mutane ɗaya a zama ɗaya. Dalilinsu guda ne, wanda ya san inda za a je ya san inda zai tsare. Idan aka ce ka sake, ka amsa da fara'a ka nuna wani abu dabam, ko ka yi abin da ya yi kama da na farko ta wata hanyar. Houdini yakan yi alfaharin cewa duk wasan da ya gani sau uku zai gane shi, sai Vernon ya yi masa wasan katin da ake sa wa a tsakiya ya dawo sama, ya maimaita fiye da sau uku a birnin Shikago, Houdini bai gano ba. Wannan ya nuna ana iya karya ƙa'idar, amma wanda ya karya ta Vernon ne, kuma wasan an gina shi ne musamman don a maimaita.

Wanda ka kira ya taimaka maka baƙonka ne, kuma sauran jama'a suna auna halinka da yadda ka riƙe shi. Ka tambayi sunansa ka riƙe, ka ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya a bayyane, kada kuma ka mai da shi abin dariya, domin dariyar da aka saya da mutuncin wani tana mai da masu kallo abokan hamayya masu jiran ka faɗi. Sautin wasan ma ya kamata a kula da shi. Idan ya zama na ni na fi ku wayo, kowa zai ɗaura ɗamarar kama ka. Idan ya zama na ku zo mu ga wani abin al'ajabi tare, yawancin mutane za su ajiye makamansu. Idan wasa ya lalace, ka tuna cewa jama'a ba su san inda ka nufa ba, saboda haka sau da yawa kana iya sauya ƙarshen ba wanda ya sani. Idan kuwa abin ya tonu a fili, dariya ɗaya da wucewa zuwa na gaba sun fi dogon ba da haƙuri.

Game da riƙe sirri, ra'ayina ya ɗan bambanta da na masu ɗaukarsa kamar rantsuwar ƙungiyar asiri. Kusan kowace dabara tana rubuce a littattafai, wanda ya nema da gaske zai samu, kuma da haka sana'ar take rayuwa. Dalilin da ya sa ba a faɗa wa mai kallo shi ne don a kare abin da aka ba shi, domin amsar kusan kullum ƙarama ce, zare ne ko kati na biyu ko satar kallo, kuma duk wanda aka gaya wa za ka ga fuskarsa ta sauya daga mamaki zuwa cewa ashe wannan ne kawai. Wanda ya zo da niyyar koyo kuwa a nuna masa littafi, a ga ko zai dawo bayan wata guda da abin da ya yi atisaye. Haka kuma wasan da wani ɗan wasa mai rai ya ƙirƙira yake cin abinci da shi, da kalamansa da salonsa, ba a kwashe shi daga bidiyo a hau dandali da shi ba tare da izini ba.

Wasannin wuta da wuƙa da haɗiye abubuwa da ɗaure kai a cikin ruwa ba na mai koyo ba ne, kuma ba a koyonsu daga bidiyo. William Robinson, Ba'amurken da ya yi suna da laƙabin Chung Ling Soo, gwani ne mai shekaru da yawa a sana'ar, amma a 1918 ya mutu a Landan bayan bindigar da ake amfani da ita a wasan cafe harsashi ta saki harsashin gaske a ƙirjinsa yana kan dandali.

Ranar da za ka fara tsayawa gaban mutane, ka shirya abin da bai wuce minti goma ba. Ka buɗe da wasa gajere wanda ido yake gani nan take kuma ka fi amincewa da shi, domin hannu yana rawa a mintin farko, jama'a kuma a lokacin suke yanke hukunci ko ka cancanci a saurare ka. Na tsakiya ya zama wanda ake shigo da mai kallo, na ƙarshe kuma wanda ya fi ƙarfi, zai fi kyau idan abin mamakin ya faru a cikin hannun mai kallon kansa. Bayan na ukun ka mayar da kayanka aljihu ko da ana roƙon ƙari. Idan ka koma gida, ka rubuta inda aka yi dariya, inda ido ya bar ka, da kalmomin da ka ji mutane suna faɗa wa juna, musamman hasashensu na yadda aka yi. Idan mutum biyu suka ce a hannun riga ka ɓoye, ko da ba nan ba ne, to wasa na gaba ka naɗe hannun rigar zuwa gwiwar hannu kafin ka ɗauko ƙwandalar.